Yadda Ake Shirya Gida Kafin A Sa Shi A Kasuwa

Jama'a sun yi ta tambaya a kan wannan batu, wani gidan gado ne za a sayar a raba, wani zai koma wata unguwa, wani kuma matsi ne ya sa dole sai ya saki gidan, amma tambayar kusan iri ɗaya ce: me zan gyara, me zan bari, ta ina zan fara? To ga shi nan daki-daki. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, mai sayen gida kwanciyar hankali yake saya da kuɗinsa. Yana so ya tabbata babu wanda zai maka shi a kotu bayan shekara biyu, kuma ruwa ba zai zubo masa a kan gado ba ranar da aka yi ruwan farko. Shi ya sa na fara da takarda, sai ruwa, fenti kuwa yana can baya. Don Allah kar ka juya tsarin nan.

1. Takardu tukuna

Kafin ka kira magini ko dillali, ka ɗauko duk wata takarda da ta shafi gidan ka baje a gabanka. Takardar cinikin da aka yi maka lokacin da ka saya mai ɗauke da sa hannun shaidu da mai unguwa ko dagaci, takardar wanda ya sayar maka in ya ba ka, takardar ba da fili, zanen safiyo, izinin gini, sai uwa uba takardar mallaka ta gwamnati wadda ake ce wa C of O idan gidan yana da ita. Ka duba suna, ka duba lambar fuloti, ka duba awo. Sau da yawa za ka ga takarda ta ce ƙafa 50 a 50 amma in aka sa tef a ƙasa sai a ga ba haka ba, ko dai makwabci ya ɗan shigo ko kai ka ɗan fita, kuma gara ka gano wannan da kanka a kan mai saye ya gano a gaban mutane.

Idan gidan mai C of O ne ka je ofishin filaye na jiharku, a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, ka tabbatar fayil ɗinka yana nan lafiya kuma ka biya harajin ƙasa da ake binka. Mai saye mai hankali sai ya tura lauya ya yi wannan binciken, to ka riga shi. Ka kuma sani cewa a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, mayar da irin wannan mallaka zuwa sunan wani yana buƙatar amincewar gwamna, akwai kuɗin da ake biya kuma yana cin lokaci, saboda haka tun wuri a yi magana waye zai ɗauki nauyin.

Gidan gado kuwa a nan ake yawan faɗawa rami. Kar babban wa ya ce ai ni ne babba kowa zai yarda. A tara duk magada, har mata da ke gidajen aurensu, har wanda yake Legas ko Saudiyya, kowa ya amince a rubuce, in da marayu ƙanana a ciki a bi ta kotun shari'a ta naɗa mai tsaya musu. Sannan akwai hakkin shuf'a, wato in gidan na tarayya ne ba a raba ba kuma wani ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da damar ya biya kuɗin ya karɓa. A fara tayi a cikin gida kafin a fita waje.

Gargaɗi: ainihin takarda ba ta barin hannunka sai ranar da kuɗi ya cika. Dillali ko mai saye fotokwafi za ka ba shi. Idan kuma takardar tana banki ko hannun wani a matsayin jingina, ka faɗa tun farko, ɓoye wannan shi ke mayar da ciniki ya zama maganar 'yan sanda.

2. Bashin gida da 'yan haya

Ka je ofishin wuta ka ji nawa ake bin gidan, musamman in ba mita mai kati ba ce, don akwai gidajen da bil ya taru a kansu shekara da shekaru mai gidan ma bai san adadin ba. Haka kuɗin ruwa in kuna da famfon gwamnati. Ka biya ka ajiye rasit, ko a ƙalla ka san adadin don a cire a cikin ciniki da sanin kowa.

In da 'yan haya a ciki, ka sanar da su kai da bakinka kafin su ji a bakin dillali. A yawancin jihohi mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata 1, sai dai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban. Gidan da babu kowa a ciki ya fi saurin tafiya nesa ba kusa ba, domin babu mai son ya biya miliyoyi sannan ya fara shari'ar tashin mutum. Kuma ɗan hayan da aka wulaƙanta shi ne zai ja mai saye gefe ya lissafa masa duk aibin gidan har da wanda babu. A bi su a hankali, su ma iyali gare su.

3. Zagaya gidan da idon baƙo

Kai ka saba da gidanka, tsagar da ke bangon falo ka daina ganinta, ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa hannunka ya riga ya koya. Saboda haka ka samo mutum biyu, magini mai amana da wani ɗan uwa ko aboki wanda ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya, ku fara daga kan layi ku shiga ɗaki bayan ɗaki da biro da takarda. Duk abin da aka gani a rubuta shi a gida uku: wanda dole a gyara, wanda in da hali a gyara, da wanda za a bar wa mai saye.

Maganar kuɗi: kayan gini yanzu ba su da tsayayyen farashi, tun farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira 10,000 kowa ya shiga taitayinsa. Ka je kasuwa da kanka ka ji farashin ranar, ka sayi kaya da kanka, ma'aikaci ka biya shi kuɗin aikinsa kawai, kuma ka ji bakin mutum biyu ko uku kafin ka ba da aiki. Ka ware wani abu a gefe don ba a taɓa buɗe rufi ko fasa bango a tarar da abin da aka zata kaɗai ba.

Gargaɗi: kar ka ce za ka sake gidan gaba ɗaya. Sabon tayil a ko'ina, sabon silin na POP, sabuwar kabad ɗin kicin, wallahi yawanci kuɗin nan ba ya dawowa, mai saye zai zo da nasa ra'ayin ya fasa ya sake. Gyara kake yi, ba gini ba.

4. Rufi da danshi

Nan ne zuciyar aikin, in kuɗinka kaɗan ne a nan za ka zuba shi. Ka sa kafinta ya hau sama ya bi kwano ɗaya bayan ɗaya, ƙusar da ta ɗago a mayar ko a canza, kwanon da tsatsa ta huda a cire shi gaba ɗaya a sa wani, kar a tsaya liƙe-liƙe da kwalta a wurin da ya riga ya mutu. Ya duba inda kwano ya haɗu da bango don mafi yawan yoyo daga nan yake farawa, ya kuma leƙa cikin silin da tocila ya ga katako, in gara ta ci a canza a zuba magani. In gidan dakin ne, wato mai rufin kankare, a share saman a buɗe indararo, ganye da leda ke toshe shi ruwa ya kwanta har ya samu hanya. Gidan ƙasa kuma a duba azara a sake yaɓe kafin damina.

Bayan an gama gyaran kar ka yarda da baki, a hau da tiyo ko bokitai a kwarara ruwa, wani ya tsaya a ciki yana kallo. Sai ka tabbata ya daina sannan a canza allon silin ɗin da ya yi taswira. Mutane da yawa sukan yi akasin haka, su shafe tabon da farin fenti su bar ramin a sama, ruwa ɗaya sai tabon ya dawo ya fi na da.

Sai danshin da ke tasowa daga ƙasa, wanda za ka ga gindin bango ya kumbura, fenti yana ɓarewa, wani farin gari kamar gishiri yana fitowa. Da farko a nemo daga ina ruwan yake zuwa: bututun da ya fashe a cikin bango ne, ko banɗaki ne a bayan bangon, ko kwatar makwabci, ko kuwa ruwan sama ne ke kwanciya a gindin ginin. A toshe wannan tukuna. Sannan a kankare filastar da ta ruɓe har sai an ga bulo, a wuce inda danshin ya tsaya da kamar taƙi ɗaya ko biyu, a bar shi ya sha iska, a sake filasta da siminti mai haɗin maganin hana ruwa, a jira ya bushe sosai kafin fenti. Wannan jiran shi ne mutane ba sa iyawa.

Tsaga ma iri biyu ce. Siririya wadda take a fatar filasta kawai, a cike ta a wuce. Amma wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda za ka iya zura tsinken ashana a ciki kuma tana ƙara buɗewa, wannan maganar tushe ce, injiniya za ka kira ba mai fenti ba.

Gargaɗi: abin da ba ka iya gyarawa ba ka faɗa. In layinku yana cika da ruwa a watan Agusta, in rijiyar tana ƙafewa da bazara, ka gaya wa mai saye a rage a kuɗi. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma a shari'a mai saye yana da damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ko ba wannan ba, masu saye da suka san kan abin da gangan suke zuwa duba gida bayan an ɗauke ruwan sama, kuma sai sun tsaya sun yi hira da mai shagon bakin layi.

5. Banɗaki, kwata da wuta

In mutum ya zo da matarsa duba gida, shi yana falo yana ƙirga ɗakuna ita tana banɗaki da kicin, kuma sau da yawa maganarta ce ke yanke cinikin. A kwashe sokawe in ta kusa cika, a gyara murfinta in ya tsage. Kan famfon da ke ɗiga a canza, ba shi da tsada. Masai da ya fashe a sa sabo, wanda ya yi baƙi kawai a wanke shi da ruwan wankin tayil da burushi mai ƙarfi. Kwatar tsakar gida a zuba bokiti guda a ga ko ruwan yana fita ko yana tsayawa. In da burtsatse ka tabbatar injin yana aiki, tanki kuma a wanke shi a cika shi, mai saye zai murɗa famfo ko bai ce komai ba.

Gargaɗi: kar a haɗa ruwan wankin tayil mai asid da bilic, hayaƙin da suke fitarwa guba ne, kuma a bar ƙofa a buɗe lokacin wankin.

Wuta kuma mai wayarin ya zo ya bi soket da makunni, wanda ya ƙone a canza, wayar da ke lilo a waje a saka ta a bututu, kowane ɗaki a sa ƙwai mai haske fari. In akwai haɗin da aka yi ta bayan mita a cire shi yanzu.

6. Kwashe tarkace

Wannan kusan kyauta ne amma ya fi wani gyaran mai tsada tasiri. Tsohon firij da ya mutu, buhunan gawayi, karyayyen keken yara, tayoyi, robobi, ragowar bulo da yashi a lungu, duk a fitar. 'Yan gwangwan za su sayi ƙarafan har ka samu na ƙara wa mai fenti. Zaure da tsakar gida su ne suke nuna girman gida, in an cika su da kaya sai gidan ya zama kamar akurki ko da kuwa fili ne da shi. In kuna kiwo a ciki, awaki ko kaji ko tantabaru, a kai su wani wuri na ɗan lokaci, a kankare ƙasan a wanke a zuba magani, don wari ba ya fita a kwana ɗaya kuma ku da kuke ciki ba kwa jinsa.

In har yanzu kuna zaune a gidan, a rage kayan ɗaki. Jeren kwanuka da akwatuna da suka kai silin a tattara a kai gidan 'yan uwa, a bar bango ya fito. A cire labule masu kauri, a wanke gilasai da ragar sauro, a yi feshin kyankyaso da sauran kwari kwana biyu kafin a fara zuwa.

7. Sai yanzu fenti

Fari ko ruwan madara, shi ke nan. Ɗakin da aka yi wa shuɗi mai duhu ko ruwan hoda don yara a mayar da shi fari, yana ƙara haske kuma ɗaki ya fi nuna faɗi. A kankare tsohon da ke ɓarewa, a cike ramukan ƙusa, a goge, sannan a shafa hannu biyu. Ka tsaya a kan mai fenti wajen ruwa, wasu sukan tsinka bokitin lita 20 har ya zama kamar kunu don ya isa, bayan sati biyu ka jingina da bango rigarka ta yi fari. A shimfiɗa leda ko buhu a ƙasa, ɗigon fenti a kan tayil da soket yana nuna aikin gaggawa ne, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mai saye zai fara tunanin me aka rufe.

In kuɗi bai isa ko'ina ba, a yi gaban gida, get, zaure, falo da kicin. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, bango ya bushe. In hunturu ya kama da ƙura sosai a rufe tagogi har fentin ya sha.

Kar a manta da waje. A shafa wa get fenti, a sa mai a ƙarafan da ke ƙara, a yashe kwatar ƙofar gida, a cire ciyawa da fastocin siyasa. In akwai tsohon rubutun nan na gidan nan ba na sayarwa ba ne a jikin katanga, a goge shi, amma ka shirya bayanin dalilin da ya sa aka rubuta don za a tambaya.

8. Farashi da dillali

Farashi ba a kan abin da ka kashe ko abin da kake buƙata ake sa shi ba. Ka bincika nawa aka sayar da gidaje irin naka a unguwar kwanan nan, wanda aka biya a hannu ba wanda aka sa suna ba. Ka ji bakin dillalai biyu ko uku daban-daban, in gidan babba ne ka biya ƙwararren mai kimanta kadara ya rubuta maka. Ka san kuɗin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba, ka riƙe a ranka, ka ɗora ɗan abin ragi a kai. In ka zuga kuɗi gidan zai daɗe, kuma gidan da ya daɗe a kasuwa sai a fara cewa akwai wani abu.

Kafin ka ba dillalai ka fara sanar da makwabtanka. Ladabi ne, kuma makwabcin da yake so ya faɗaɗa ko ya zaunar da ɗansa kusa da shi sau da yawa ya fi bare taya wa.

La'ada a yi maganarta tun ranar farko a gaban shaida, an fi yin kashi 5 cikin 100 amma abin daidaitawa ne. Gidan miliyan 30 ke nan la'adarsa miliyan 1 da rabi, ka ga ba abin da za a bari sai ranar biya ba ne. A fayyace waye zai biya, kai ko mai saye ko ku duka.

Gargaɗi: kar ka watsa gidan a hannun dillalai goma. Kowa zai ɗora nasa, mai saye ɗaya ya ji farashi uku a kan gida ɗaya ya tsorata ya gudu, ranar biya kuma mutum takwas su zo kowa ya ce shi ya kawo. Ɗaya ko biyu da aka sani da ofis ko mazauni sun isa, kuma ka dage sai ka zauna da mai saye ido da ido ka ji da kunnenka nawa zai biya.

9. Hoto da ranar zuwa dubawa

Hoto da hantsi ake ɗauka, an buɗe tagogi an kunna fitilu, a goge gilashin kamarar waya, a tsaya a kusurwar ɗaki a ɗauka a kwance. Gaban gida, tsakar gida, falo, ɗakuna, kicin, banɗaki, sai ɗan bidiyo na minti ɗaya daga get zuwa ciki. Kar iyali su fito a ciki, kar hoton takardu ya hau WhatsApp ko Facebook, kuma unguwa kawai za ka faɗa ba lambar gida ba.

Ka sa rana da lokaci, misali Asabar da Lahadi bayan la'asar ko da hantsi, don matan gida su san da zuwan baƙi su kimtsa ko su shiga makwabta, ba a yi ta faɗo musu da maza a kowane lokaci ba. A share, a ɗan sa turaren wuta kaɗan, in ya yi yawa sai a zaci wari ake ɓoyewa. Kuɗi da gwala-gwalai da wayoyi a kulle. Kar a bar yara ko mace ita kaɗai su buɗe wa wanda ya ce dillali ne ya turo shi, dole kai ko wani namiji babba yana nan. Ka bar mutum ya duba a natse, ya buɗe famfo, ya ƙwanƙwasa bango, abin da ya tambaya ka ba shi amsa, kuma kar ka fara ba shi labarin matsin da ya sa kake sayarwa, daga ya ji haka tayinsa zai faɗi.

10. Idan an daidaita

Kuɗin kafin alƙalami a rubuta shi: nawa aka bayar, yaushe za a cika, me zai faru in wani ya janye. A rubuta abin da zai zauna da abin da za ka cire, tanki, injin burtsatse, sola da batura, fankoki, na'urar sanyaya ɗaki, don a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa ake ɓatawa bayan an gama babban ciniki. Kuɗi ta banki, dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Kar ka yarda da alat a waya ko hoton rasit, ka shiga asusunka ko ka je banki ka ga kuɗin ya zauna. Lauya ya rubuta takardar ciniki, shaidunka da nasa su sa hannu, mai unguwa ya sani, sannan ka miƙa ainihin takardu da makullai, kai ma ka riƙe kwafin duk abin da aka sa wa hannu.